Mahaɗar Jijiyoyin Saƙo da Sinadaran Homon a Jikin Ɗan'adam

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya razana, yakan ce gabansa ya faɗi, ko tsikar jikinsa ta tashi, ko yawun bakinsa ya ƙafe. Kowanne daga cikin waɗannan kalamai yana nuni da wani sauyi na zahiri a jiki. Wannan maƙala ta bayyana tsare-tsare biyu da ke haddasa sauyin, wato jijiyoyin saƙo da sinadaran homon, tare da nuna inda suka haɗu. Da yake kalmar "jijiya" a Hausa ta ƙunshi hanyar jini, da abin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma hanyar da ƙwaƙwalwa ke aika umarni, an keɓe "jijiyar saƙo" ga ma'ana ta uku.

2.0 Jijiyoyin Saƙo

Cibiyar wannan tsari ita ce ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwaƙwalwar baligi tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Daga gare ta jijiyoyi tagwaye 12 ke fita, daga laka kuma tagwaye 31, su bazu cikin jiki. Saƙo yana bin su a sigar lantarki, kuma a jijiyoyi mafiya sauri yakan kai mita 120 a daƙiƙa guda. Wani ɓangare na tsarin ba ya jiran umarnin mutum, shi ke kula da bugun zuciya da narkar da abinci da zufa. Reshensa ɗaya mai zaburar da jiki ne, ɗayan kuma mai kwantar da shi.

3.0 Sinadaran Homon

Homon sinadari ne da wata gaɓa ke zubawa kai tsaye cikin jini domin ya yi aiki a wani wuri mai nisa. William Bayliss da Ernest Starling ne suka tabbatar da samuwarsa a Landan a 1902, sannan Starling ya gabatar da sunan a 1905. Daga cikin gaɓoɓin akwai tayirod a gaban wuya, wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo idan jiki ya rasa sinadarin aidin, da fankiriyas mai samar da insulin, da adirinal guda biyu da ke bisa ƙoda. Saƙon homon ya fi na jijiya nawa, amma ya fi shi daɗewa yana tasiri.

4.0 Inda Suka Haɗu

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai suna haifotalamos, kuma da shi ne gaɓar fituwitari take rataye, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. A nan saƙon jijiya yake rikiɗa ya zama na homon.

Lokacin razana, haifotalamos yana bin hanya biyu. Ta farko, yana aika umarni ta laka zuwa reshen zaburarwa, wanda ke sa adirinal ta saki adirinalin. Nan take zuciya ta ƙara bugu, wato faɗuwar gaba; ƙananan tsokokin gindin gashi su ɗame, tsikar jiki ta tashi; yawu ya ragu, hanta ta saki sukari cikin jini. Ta biyu, yana umartar fituwitari, ita kuma ta umarci adirinal ta fitar da kotizol cikin mintuna. Idan kotizol ya wadata, shi da kansa yake komawa ya dakatar da umarnin. Idan kuwa ya daɗe da yawa a jini, yakan jawo hawan jini da hauhawar sukari.

Shayarwa ma misali ce. Tsotson jariri yana tafiya ta jijiya zuwa haifotalamos, amsar kuwa ta dawo ta jini a sigar okzitosin, wanda ke matso nono. Wani homon na fituwitari, furolaktin, shi ke sa a samar da nonon. Saboda haka, matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, har fituwitarinta ta lalace don ƙarancin jini, tana iya rasa ruwan nono da jinin al'ada. Likita Harold Sheehan ya bayyana wannan lalura a 1937, kuma ana magance ta da mayar wa jiki homon ɗin da ya rasa.

5.0 Kammalawa

Rarraba tsare-tsaren biyu dabara ce ta sauƙaƙa koyarwa, domin a jiki tare suke aiki. Hausa tana da wadatar kalaman da ke siffanta alamomin wannan aiki. Abin da ya rage wa masana harshe da likitoci shi ne daidaita sunayen gaɓoɓin da na sinadaran, ta yadda mai jegon da nononta ya ƙi zuwa za ta ji bayanin dalilin da harshenta, ta kuma nemi magani da wuri.