Masallacin Dutse na Shinƙiɗi

Kusan duk almajirin da ya yi nisa a karatu ya san sunan Shinƙiɗi, ko da ta hanyar Shehu Muhammadul Amin, mai tafsirin Adwa'ul Bayan. Amma kaɗan daga cikinmu suka san cewa Shinƙiɗi ɗan ƙaramin gari ne a yankin Adrar na ƙasar Muritaniya, inda ayarin mahajjata kan taru a dā kafin su nufi Makka. Saboda haka ne Larabawan gabas suka riƙa kiran ƙasar baki ɗaya da sunansa.

Masallacin Juma'arsa ya samo asali tun wajen ƙarni na 13 ko na 14. Da tsagaggen dutse aka gina shi, an jera wani bisa wani. Hasumiyarsa mai kusurwa huɗu ce, an ɗora mata siffar ƙwan jimina guda biyar. Rufin kuwa azarar dabino ce bisa ginshiƙan dutse. Ba zane, ba ƙyale-ƙyale, kuma a ganinmu wannan ya dace da malaman Malikiyya da suka rayu a inuwarsa. Ko darduma babu, a kan lallausan rairayi ake sujada.

To, rairayin nan shi ne kuma abin tsoro. A 1996 Hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya, tare da Wadan da Tishit da Walata, amma takarda ba ta tare iska. Tuddan yashi sun riga sun binne gidaje a gefen tsohon garin, kusa da ɗakunan da iyalai ke ajiye littattafan kakanninsu na rubutun hannu.