Kafin a yi wa kwamfutar ofis fomat

Da wuya a sami ma'aikaci a Sakatariyar Tarayya, ko hadimin wani babba a Majalisar Dokoki ta Ƙasa, da bai taɓa ganin irin wannan rana ba. Ana tsakiyar rubuta takardar da Oga ke jira kafin la'asar, sai fuskar kwamfutar tafi-da-gidanka ta koma shuɗiya, ko kuma ta ɗauke ɗif kamar an hure fitila. A sake kunna ta, ta tashi lafiya lau, ta yi kwana biyu, ta sake. A karo na uku ne akan rungume ta a nufi shagunan masu gyara, inda sau da yawa hukuncin farko shi ne a yi mata fomat, wato a share komai a sa sabuwar Windows.

Wannan shi ne matakin da ya kamata ya zo a ƙarshe. Idan ciwon na batir ne ko na zafi, fomat ba zai taɓa shi ba, sai dai ya tafi da fayiloli, ya kuma tafi da shaida. Ita Windows tana rubuta tarihin kowace faɗuwarta, kuma kowa na iya karantawa. A rubuta kalmar reliability a akwatin bincike, a buɗe Reliability Monitor. Zai nuna jadawalin kwanaki, da jan alama a duk ranar da na'urar ta faɗi, tare da abin da aka sa mata ko aka sabunta a ranar. Idan jajayen alamomin sun fara ne washegarin da aka sa manhajar sabuwar firinta, an riga an ci rabin bincike.

Tambaya ta gaba ita ce yadda take mutuwa, domin mutuwar iri biyu ce.

Wadda ke ɗaukewa ba sallama, ba wani rubutu a fuska, yawanci zafi ne ko wuta. Mazauna Abuja sun san abin da hunturu ke yi wa teburin da aka goge da safe. Haka ƙurar ke taruwa a fankar kwamfuta da ramukan fitar da iska har ta zama kamar auduga. Idan zafin ƙwaƙwalwar na'urar ya doshi digiri 100, takan rage gudu da kanta, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Alamar ba ta ɓuya: fanka na kuka, ƙasanta na ƙona cinya, kuma mutuwar na zuwa ne a lokacin aiki mai nauyi kamar taron Zoom. Masu ɗora ta a kan katifa da daddare su ƙarasa aikin ofis suna toshe mata hanci ne da hannunsu. Maganin bai wuce a buɗe a share ƙurar ba, a kuma sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke janye zafi, domin yakan bushe bayan 'yan shekaru.

Ta fuskar wuta, a lura ko tana mutuwa ne daidai lokacin da aka ɗauke lantarki kafin a tada janareta. Idan haka ne, batirin ya daina riƙe komai. Umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da rahoton da ke kwatanta ƙarfin batirin na asali da wanda ya rage masa. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga wurin murza yatsa kuwa ba abin jinkiri ba ne, domin yana iya kamawa da wuta. A duba caja ma. Na'urar da aka ƙera don caja mai wat 65 ba za ta ji daɗin mai wat 45 da aka aro daga teburin maƙwabci ba, balle jabu.

Iri na biyu shi ne shuɗiyar fuska, wadda ta koma baƙa a sababbin Windows 11. Wannan ta fi sauƙin bibiya, domin tana faɗin sunan abin da ya kayar da ita a ƙasan rubutun. A ɗauki hotonta da waya kowane karo. Idan suna ɗaya ke maimaituwa, musamman tare da sunan fayil mai ƙarewa da .sys, zargi ya fi karkata ga direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na na'urar. Idan kuwa yau wannan suna, gobe wancan, sai a tuhumi ram, ma'ajiyar wucin gadi da kowace manhaja ke bi ta cikinta. Windows na da ma'aunin ram nata, ana kiran sa da umarnin mdsched, amma MemTest86 da aka bari ya kwana yana aiki ya fi shi tona asiri.

Akwai gwaji mai arha da ke raba gardama: a tada ta a Safe Mode, inda Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi. In ta yini a haka ba ta faɗi ba, ƙarfen na da alamar lafiya, laifin na wata manhaja ne. Kada a cire manhajar kariya daga jerin waɗanda ake zargi. A ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawa guda daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi a Amurka da Turai. A ofisoshinmu abin da aka fi gani shi ne manhajojin kariya biyu a na'ura ɗaya, kowace na kallon 'yar'uwarta a matsayin ɓarauniya.

Faifan ajiya shi ne wanda ba ya ba da dogon wa'adi. Idan na'urar na daskarewa yayin buɗe fayil, a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo. Da zarar ta nuna gargaɗi mai launin rawaya, a kwashe takardu a ranar, kafin a yi zancen gyara.

A duk wannan, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta ranar, a jira a gani. Wanda ya canza caja, ya cire manhaja, ya kuma ƙara ram a yini ɗaya, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba.

Saura batun da ya fi shafar ma'aikacin gwamnati. Kwamfutar da ke ɗauke da daftarin kasafi, ko sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu, ba a barin ta ta kwana a shago tare da kalmar sirrinta. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin irin waɗannan bayanai a kan hukumar da ke riƙe da su. Idan ta ma'aikata ce, sashen fasahar sadarwa na ma'aikatar ne ya kamata ya fara ganin ta, ko da za su ɗan ja lokaci. Idan ta mutum ce kuma dole sai an kai ta kasuwa, sharar fanka da canjin batir ba sa buƙatar kalmar sirri, kuma a na'urori da yawa ana iya zare faifan ajiyar a gaban mai ita, ya sa a aljihu ya koma ofis.