Daga jirgin kara zuwa jirgin kwali: Wasan yaran Adar da Turawa suka mayar sana'a

Da zarar an gama girbin gero a watan Oktoba, kara ya bushe a gonakin Madaoua da Bouza da Keita, sai yara su shiga tasu kakar. Za ka gan su a gindin bedi ko bayan danga, kowa da tsohuwar reza a hannu, suna ɓare kara. Ɓawon shi ne ƙusa, laushin da ke ciki shi ne katako. Kafin la'asar an haɗa mota mai taya huɗu, ko tabarau, ko rediyo. Gwanin cikinsu kuwa jirgin sama yake yi, da fukafukai da jela da farfela, wadda ake sokewa da ƙaya don ta juya idan an ruga da gudu.

Mafi yawan masu karanta wannan, ko suna Yamai ko Abidjan ko Tripoli, sun yi wannan wasa. Wasu sun wuce kara suka koma gwangwanin madara da waya da tsohon silifa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a Turai da Amurka da Japan manya ne masu gemu ke yin irinsa, suna kashe masa kuɗi, har da ƙungiyoyi da gasa da mujallu.

A can, sayen jirgin ake yi a kwali. Idan ka buɗe za ka tarar da gutsattsarin roba manne a jikin firam, da takardar bayanin haɗawa, da 'yan tambura da ake jiƙawa a ruwa kafin a liƙa. Kamfanin Frog na Ingila ne ya fara fitar da irin waɗannan jirage na roba a 1936. Airfix, shi ma na Ingila, ya fito da jirginsa na farko a 1953, wato Spitfire, jirgin yaƙin da ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya Revell da Tamiya ta Japan suka cika kasuwa. Waɗannan jirage ba tashi suke yi ba. Ana haɗa su, a goge, a yi musu fenti, a ajiye a kan kanta.

To me ya bambanta su da jirgin kara, ban da tsada? Awo. A jikin kowane kwali akwai lamba, galibi 1:72 ko 1:48. Ma'anar 1:72 ita ce an raba kowane tsawo na jirgin gaske gida 72, aka ɗauki ɗaya. Ɗauki C-130, babban jirgin dakon kaya irin wanda Amurka ta miƙa wa sojojin saman Nijar a watan Janairun 2021. Daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin ya ɗan haura mita 40. A awon 1:72 ya koma santimita 56, tsawon jikinsa kuma wajen santimita 41. Spitfire, mai fukafukan da suka ɗan wuce mita 11, bai kai santimita 16 ba. Matuƙin da za a zaunar a ciki bai kai santimita biyu da rabi ba. Idan ka kuskure a wuri ɗaya, ido zai gane ko ba a gaya masa ba.

Yaron Bouza da ido yake awonsa, kuma sau da yawa idon nasa na da kyau ƙwarai. Amma bai taɓa jin wanda ya ce masa rabawar da malami ke rubutawa a allo, wadda yake sha wa bulala, ita ce za ta sa jirginsa ya yi kama da na gaske ba. A gida kuma abin da ya fi ji shi ne ya bar wasan banza ya je ya yi wa awaki ciyawa. A ganina nan ne asarar take, ba a rashin kwalin Airfix ba.

Kwalin ma, a gaskiya, ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Ba kaya ba ne da za ka tarar a kasuwar Madaoua tsakanin buhunan albasa, sai dai wani ya riƙo maka daga waje. Ko ya iso, akwai yanayi. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kuma siririyar roba da aka bari a rana ko ƙarƙashin rufin kwano tana iya lanƙwashewa. Gam ɗin da ake amfani da shi narkar da fuskar robar yake yi don sassan su haɗe, saboda haka idan ya yi yawa ya ɓata aikin, ga shi warinsa ba ya son ɗaki a rufe. Fenti mai haɗin ruwa kan bushe a bakin buroshi kafin a kai shi jikin jirgi. Da hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kan ɗanyen fenti, jirgin ya fito kamar an barbaɗa masa gari. Masu yi a ƙasashe masu zafi da sassafe suke fenti, su shafa siriri sau biyu ko uku maimakon mai kauri sau ɗaya, sannan su kifa roba ko kwano a kai har ya bushe.

Wanda ba shi da kwali bai rasa hanya ba. Tsawo da faɗin kowane sanannen jirgi suna intanet, tare da zanensa ta sama da ta gefe da ta gaba. Da rula da fensir da kwalin sabulu, ko soson da ake naɗe firji da shi, ko ma karan da aka saba, ana iya fitar da jirgi bisa awo. Turawa ma suna girmama mai ƙera nasa daga tushe fiye da mai haɗa na kanti.

Ko wasan yana kai mutum wani wuri? Akwai misalai biyu a kusa da mu. Abdoulaziz Kountché, ɗan Nijar da ya fara da sha'awar ƙera ƙananan jirage, shi ne ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai. A 2016 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da jirgi marar matuƙi da ya ƙera wajen ɗaukar hoton sansanonin jihar Diffa daga sama, don a fitar da taswirarsu. A Kano kuma, a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, mai shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Bai tashi sama da kimanin mita biyu ba, amma labarinsa ya zagaya duniya. Kanon nan dai ita ce ta ga saukar jiragen sama na farko a Najeriya, ranar 1 ga Nuwamban 1925, lokacin da jirage uku na sojan Ingila suka iso daga Masar.

Ba kowane mai jirgin kara ne zai zama injiniya ba, kuma ba dole ba ne. Wani tela zai zama, wani mai walda, wani ya tafi ci-rani kamar yayyensa. Dukkansu da awo za su ci abinci. Wanda kuma ya nace wa jirgi, makarantu suna nan: EAMAC ta hukumar ASECNA a Yamai, mai horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Duk biyun sai da lissafi ake shiga.

Gargaɗi ɗaya ga matasa: jirgin da ke zaune a kan kanta ba ya neman izinin kowa, amma mai tashi da kyamara wani zance ne daban. Da halin tsaron da ake ciki a jihar Tahoua, kada wanda ya harba irinsa sama ba tare da izinin hukuma ba.

'Yan ci-ranin Adar sun saba aiko da waya da takalmin ƙwallo da rigar Real Madrid. Ƙaramin kwalin jirgi na 1:72 bai kai wayar nauyi ba, kuma yana shiga aljihun jaka. Irin waɗanda aka tanada don masu koyo ma da ɗan fenti da buroshi da gam suke zuwa. Rula kuwa, ko a teburin mai kayan lakwal a Keita ana samunta.