A Auna Ƙasa Kafin a Kafa Gini

Manoma, kun saba duban ƙasa kafin shuka, amma kaɗan ne ke dubanta kafin gini. A Bompai, unguwar masana'antu ta Kano, injiniya ba ya sa harsashin babban sito sai an haƙa rami, an ɗebi ƙasa, an auna nauyin da za ta iya ɗauka.

Dalili kuwa, ƙasa iri iri ce. Marmara tana riƙe gini. Lakar fadama kuwa takan kumbura da damina, ta tsage da rani, sai bango ya dare. Ruwa kuma in ya yi yawa ba shi da tausayi: a watan Agusta 1988 ya fasa madatsar Bagauda, kudu da Kano, ya ci gonaki da gidaje.

To, mai son gina rumbu ya haƙa ƙafa 3, ya jiƙa ƙasar, ya murza a tafin hannu. In ta miƙe kamar igiya, laka ce. Sai ya koma kan tudu, ya yi wa ruwa hanya. In babban sito ne, a nemi injiniya. Kuɗin awo bai kai asarar hatsin shekara ba.