Yadda Ɗalibai Ke Raba Junansu Da Taba Sigari

Malami na iya shafe awa guda yana bayanin illar taba, amma kalma ɗaya daga bakin aboki ta fi shiga kunnen yaro. A kan wannan aka gina shirin ASSIST, wanda masana daga jami'o'in Cardiff da Bristol suka gwada a makarantun sakandare 59 na Ingila da Wales.

Ɗalibai 'yan shekara 12 zuwa 13 su ne ke rubuta sunayen waɗanda suke jin maganarsu a ajinsu. Nan hikimar take, domin da malamai ne suka zaɓa, da sun ɗauko masu natsuwa kawai, alhali wani lokaci yaron da ake bi shi ne mai ƙiriniya. Waɗanda aka zaɓa ana ba su horon kwana biyu a wajen makaranta, sannan su yi makonni goma suna sako zancen taba cikin hirar yau da kullum, a filin wasa ko a hanyar gida.

Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2008 ya nuna yiwuwar shan taba ta ragu da kusan kashi 22 cikin 100 a makarantun da suka bi shirin.