Me ya sa hoton baƙi da fari yake fitowa kore-kore?

Wanda ya ɗauko tsohon hoton mahaifinsa daga Kekun Waje ko Tsafe ya kai Gusau a sake wanke masa, yakan gamu da ɗayan biyu: ko hoton ya fito kore-kore ko da ruwan shunayya, ko fuskar tsohon ta nutse cikin duhu har ba a rarrabe gemu da wuyan riga. Mai shago ya ce hoton ne ya tsufa, mai kaya ya ce firintar ce ba kyau. Galibi rashin saiti ne.

Firintar tawada fesa launi take yi a ɗigo-ɗigon da ido ba ya gani. Epson L805, wadda ake yawan samu a shagunan hoto, tawada shida gare ta, amma baƙa ɗaya ce tak. Sauran shuɗi biyu, ja biyu da rawaya. Ruwan toka kuwa, wanda shi ne jikin hoton baƙi da fari, daga masu launin nan take haɗa yawancinsa. Ɗaya ta ɗan rinjayi 'yan'uwanta, sai launinta ya bayyana. Haɗin da ya yi daidai a hasken rana ma yana iya sauyawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki.

Maganar duhun ta fi damuna. Kowane ɗigo ya sauka kan takarda sai ya ɗan bazu, don haka inda kwamfuta ta nemi rabin baƙi, abin da ke fitowa ya fi rabi. Can wajen ƙarshe, kashi 90 da 95 da 100 sai su dunƙule su zama baƙi guda. Fuskokin mutanenmu a ɓangaren duhun nan suke, da tsagen kunci da layin goshi. A ɗaya ƙarshen kuma akwai farar babbar riga mai farin aiki da naɗin rawani, waɗanda ke gogewa in tawada ta yi kaɗan.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar na'ura. A fara buga gwajin ramukan kan firinta, domin ƙurar hunturu da bushewar iska suna toshe su, kuma rami kaɗan ya toshe duk awon da za a yi ya ɓaci. Sai a zana tsani mai hawa 21 a Photoshop, daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, kowane hawa ya ɗara na baya da kashi 5. A buga shi a kan ainihin takardar da ake aiki da ita, a bar shi ya kwana, don tawada na sauya kama in ta bushe. Da safe a duba a hasken rana, ko a auna da sikana. Ya kamata kowane hawa ya bambanta da maƙwabcinsa daidai wa daida. Inda biyu suka haɗe, sai a buɗe Curves, a ja layin a wurin don a sassauta tawadar, a sake bugawa har tsanin ya miƙe. A adana saitin da sunan takardar.

Nan ne mutane ke sakaci. Saitin takarda mai sheƙi ba ya yi wa maras sheƙi, kuma ranar da aka zuba tawadar wani kamfani a tanki, aikin ya koma farko.

Saiti yana rage kore-koren nan, amma maganinsa na asali tawada mai ruwan toka ce. A 2005 Epson ta fito da tawadar UltraChrome K3 mai baƙi hawa uku, yanzu kuma firintarta L8180 tana da tankin ruwan toka. A Amurka, Jon Cone ya haɗa tawadar Piezography mai baƙi har hawa bakwai, Roy Harrington kuma ya rubuta manhajar QuadToneRIP mai sarrafa kowace tawada ita kaɗai. Mai shagon da yawancin aikinsa fasfo ne ba lallai ya kai can ba.

Kai mai kawo hoto, ka nemi a fara buga maka ƙarami, ka fita da shi bakin ƙofa ka duba fuska da aikin riga kafin a buga babba. In ka kai gida, a sa shi a gilashi nesa da taga, domin irin tawadar L805 tana koɗewa a rana.