Kafin Ka Sayi Na'urar Auna Kaurin Fentin Mota

Duk lokacin da aka goge jikin mota da injin folish don a cire ƙarzuwa, ana kankare wani abu ne daga fentin. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani yawanci tsakanin maikiron 100 zuwa 180 yake, kuma maikiron 1,000 ne ke yin milimita ɗaya. Shafin sama mai sheƙi, wanda shi ake gogewa, bai cika wuce maikiron 50 ba. Idan ya ƙare, sai dai sabon feshi. Shi ya sa ake auna kaurin fentin kafin a goge.

Abin da za ka fara dubawa a jikin na'urar shi ne alamar Fe da NFe. Fe na aiki da maganaɗisu, a kan ƙarfe kawai. NFe ce ke auna alminiyam, wanda Ford ta koma ƙera jikin motarta F-150 da shi tun samfurin 2015. Sayi mai haɗe da biyun. Bambar roba kuwa ba wacce ke karanta ta, sai mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, irin PosiTector 200, kuma tsadarta ta fi ƙarfin ƙaramin gareji.

A tabbata an haɗo na'urar da za a saya da 'yan fallayen gwaji na saita ta.

Amma fa jimillar kauri na'urar Fe da NFe take nunawa, ba ta ware shafin saman. Ƙofar da ta nuna 400 alhali sauran jiki na 120, an sake fesa ta. In ta haura 1,000, akwai fila a ƙasa. Masu sayen tokumbo ma suna amfana da wannan.